Matsuno da Dokin Ƙofa

Duk wanda ya taɓa zuwa Nashibara ya tafi da ƙofar gidanmu a cikin wayarsa. Baƙar ƙofa ce ta katako, da wata 'yar ƙaramar ƙofa a jikinta, wadda sai ka sunkuya kuma ka ɗaga ƙafa kafin ka shiga. A wasu hotunan akwai wata tsohuwa ta ba da baya tana shara. Kakata ce, Matsuno. Hotonta ya je ƙasashen da ba ta san sunansu ba, amma ban taɓa jin baƙo ɗaya ya tambayi nata sunan ba. Tun da iyayena suka koma birnin Nagoya, ni kuma na gama sakandare na zauna tare da tsofaffin, ni aka bar wa labaran gidanmu. Don haka ni zan ba da nata. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Ba 'yar garin ba ce. Daga bakin teku aka kawo ta, 'yar masunta, mai murya kamar tana kiran jirgi. Lokacin da ta zo, Nashibara tana mutuwa. Sabuwar hanyar mota ta bi ta ƙasan kwari, tsohuwar hanyar sarakuna da ta ratsa garinmu ta zama ta karnuka, samari suna ta guduwa birni. Mijinta, kakana Genzo, kafinta ne, kuma yana cikin matasan da suka ce tsufan garin shi ne abin sayarwarsa. Suka kafa kwamiti, suka yi rantsuwa guda a gaban haikali: duk abin da ke kallon titi, ba a taɓa shi. Suka mayar da wayoyin wuta bayan gidaje. Suka hana tagar gilashi, suka hana fenti, suka hana shanya a gaba.

Abin ya yi. Baƙi suka fara zuwa, daga baya motoci manya-manya. Ba na musun wannan. Abin da nake cewa shi ne, maza suka yi rantsuwar, mata suka ɗauke ta a ka. Kakata ta yi shekaru fiye da hamsin tana shanya a bayan gida, inda rana ba ta kaiwa, a gefen gangaren da ya miƙe har kogi. Da hunturu iska tana shigowa ta ragar katakon gaba, ita kuwa tana liƙe ramuka da takarda daga ciki don kada a gani. Kullum da safe ta share gaban gida ta yayyafa ruwa, sannan ta hura garwashi ta gasa dakakkiyar shinkafa a tsinke, ta shafe ta da riɗi da miso, wato dakakken waken soya mai gishiri, ta sayar. Baƙi sukan turo ƙofa su shigo da takalmansu, a zatonsu gidan tarihi ne. Ta taɓa fitowa daga wanka ta tarar da wani yana ɗaukar hoton wurin da muke ajiye sunayen magabata. Ta sunkuya ta ba shi haƙuri. Ita ta ba shi haƙuri. Kuma duk da haka, har kwanan nan idan ta ɗaga murya sai maƙwabta su ce, ai matar bakin teku ce.

Babu mai kiyaye dokin ƙofar gidanmu kamarta. Wani baƙin gungume ne da ya kai kusan gwiwa, ƙofar duka a kansa take zaune, kuma ya girmi duk wanda muka san sunansa a zuri'a. A wajenmu ba a taka dokin ƙofa, tsallakewa ake yi, don taka shi kamar taka kan maigida ne. Ina ƙarama na taɓa hawa kansa ina tsalle. Marin da na sha ran nan shi ne na farko kuma na ƙarshe daga hannunta.

Bara, lokacin da ganyen itatuwan kan duwatsu ya yi ja, kakana ya faɗi a wurin aikinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma guntu-guntu. Aka kai shi asibitin da ke kwari. Kullum muna shiga bas mu je, kullum abin da yake fara cewa ke nan: "Gida."

Bayan wata biyu ma'aikaciyar asibiti da ke kula da sallama ta zo ta duba gidan. Ta ce ciki ba matsala, ana iya sa katako a gangare da abin dafawa. Sai ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana kallon gungumen. Ta ce ba za su sallame shi zuwa gidan da keken guragu ba zai shiga ya fita ba, a hannun tsohuwa ɗaya. Idan ba a gyara ba kafin ƙanƙara ta narke, suna buƙatar gadon, za a kai shi gidan tsofaffi a birni.

Mun gwada komai. Muka jingina katako bisa dokin, na zauna a kujera aka turo ni, goshina ya daki saman ƙofar, kuma katakon ya cinye rabin titi. Bayan gida kuwa gangare ne. Hanya ɗaya ce, a yanke tsakiyar dokin daidai faɗin keke.

Kakata ta yi abin da ake yi. Ta sa tufafinta na fita, ta sayi akwatunan alewar wake, ta bi gidajen 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya kafin ranar taro, ni ina biye da jaka. Kowa ya karɓi akwatinsa da hannu biyu. Kowa ya tambayi jikin Baba Genzo. Da ta kawo maganar ƙofa, sai su ja iska ta haƙora, su karkata kai, su ce, "Kai, abin da wuya. Za mu duba."

A hanyar dawowa tana murna. "Kin ji ko, Kanae? Ba wanda ya ce a'a."

Ni a nan aka haife ni, na san abin da na ji. A Nashibara ba a cewa a'a. Ana jan iska ta haƙora. Ita kuwa a garinsu idan mutum bai yarda ba sai ya faɗa maka a fuska, har ya haɗa da zagi, kuma shekaru hamsin ba su cire mata wannan ba. Na gaya mata. Ta ce in yi shiru, me na sani, waɗannan mutanen duk Genzo ya gyara musu rufi.

Taron wata-wata a zauren haikali ake yi. Muka zauna a ƙarshen tabarma, kusa da ƙofa inda sanyi yake. Shugaban kwamiti shi ne Morihiro, ɗan aminin kakana, mai shagon da ke sayar da daskararriyar madara mai ɗanɗanon ganyen shayi. Injinsa yana ɓoye bayan ragar katako, yana gurnani dare da rana, amma tun da ba a ganinsa daga titi, bai karya rantsuwa ba. Suka yi magana kan bayan gida na baƙi. Suka yi magana kan launin kwandon shara. Suka amince nan take a fasa wani tsohon matakalin dutse a ƙasan gari don motocin baƙi su sami wurin juyawa, wai shi ba a kan titi yake ba. Ana shirin tashi sannan Morihiro ya tuna da mu.

"Maganar Inna Matsuno," ya ce, "babba ce. Kada mu yi gaggawa. Wata mai zuwa."

Wata mai zuwa ya ce za a nemi shawarar masana daga birni. Wanda ya biyo baya, ƙanƙara ta rufe hanya, masanan ba su zo ba. Kowane taro kakata ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tabarma, ta yi godiya. Ina gefenta ina jin kamar in fasa wani abu.

A taro na ƙarshe, ƙanƙara ta riga ta fara narkewa, ruwa yana ɗiga daga rufi. Teruyo, maƙwabciyarmu ta dama, wadda kakata ta yi jinyar uwarta, ita ta kawo abin da suka kira mafita.

"Ai ba sai an yanke komai ba, Matsuno. Ranar da zai dawo, mazan unguwa su ɗaga shi da kekensa su shigar da shi. Shi ke nan."

Zauren duka ya ce lallai, lallai, wannan dabara ce.

"Fita fa?" in ji kakata.

"Fita ina?" Teruyo ta yi dariya. "Ina zai je kuma?"

"Au. Ku shigar da shi ku ajiye kamar randa. In wuta ta tashi fa, in bi gida-gida da alewar wake in nemi masu ɗauka?"

Muryarta ta fito irin ta bakin teku. Kowa ya sunkuyar da kai, ba don kunya ba, don an yi ihu a zaure. Morihiro ya gyara zama, ya yi murmushin nan nasa mai laushi.

"Inna, ki yi haƙuri. Wannan doka ba ni na kafa ta ba. Baba Genzo ne da iyayenmu. Ni a ganina, mu jira ya samu sauƙi, ya buɗe baki da kansa ya ce a yanke. Ran nan ni zan riƙe zarton."

Har yau ban manta wannan maganar ba. Ya san kakana da ƙyar yake haɗa kalma biyu. Ya san gadon asibiti ba zai jira ba. Ya ɗauki bakin da ya mutu ya toshe ƙofa da shi, kuma aka ce ya yi magana ta ladabi.

Kakata ba ta sunkuya ba. Ta tashi ta sa takalmanta.

A bas washegari na ce mata ko mu gwada tambayar kakana, ko da ɗaga kai ne ya yi.

"In tambaye shi? Ya ce a'a mana. Ai ya fi su duka taurin kai. Sai ya zaɓi ya mutu a birni a gadon haya da a taɓa masa wannan gungumen, yana mutuwa yana kiran gida." Ta juya tana kallon taga. "Shekara hamsin ina tambaya, Kanae. Na gaji."

Ta zaɓi safiyar Lahadi, ba ta kuma ɓoye ba. Furannin farko sun fito, motocin baƙi sun cika ƙasan gari. Ta share gaban gida ta yayyafa ruwa kamar kullum, amma ba ta hura garwashi ba. Ta fito da gishiri da 'yar kwalbar giyar shinkafa, ta zuba a kan dokin, ta durƙusa ta haɗa hannu. Na ji tana ba shi haƙuri, tana ba surukanta haƙuri, tana kiran sunayensu. Sannan ta ɗauko babban zarton kakana, ta auna faɗin keke da igiyar da ta ƙulla a asibiti, ta ja layi biyu da gawayi.

Na miƙa hannu in karɓa. Ta buge shi.

"Ke za ki zauna a garin nan bayan na mutu. Hannunki kada ya taɓa. Tsaya can ki riƙe min ƙofa."

Itacen ya bushe ya zama kamar ƙarfe. Da farko zarton zamewa yake yi. Ta dafe da ƙafa ɗaya a kan dokin, ita da ba ta taɓa taka shi ba, ta fara ja da duka jikinta. Garin katako ya fara zubowa, fari tas daga cikin baƙin gungume.

Baƙi suka taru. Wata mai yi wa baƙi jagora, riƙe da 'yar tuta, ta tsayar da mutanenta, tana yi musu bayani da wani yare, ina jin cewa take wannan sana'ar gargajiya ce ake nunawa. Wayoyi suka tashi sama. Wani ya durƙusa don ya samu hoto mai kyau. Da ta huta ta goge zufa, sai suka tafa mata.

A haka Morihiro ya iso da gudu, ƙyallen aikinsa ɗaure a ƙugu. Ya ga taron, ya ga wayoyin, sai ya rage sauri ya saki murmushi. Ya sunkuya wa baƙi dama da hagu, ya tsuguna kusa da ita yana magana ta cikin haƙora.

"Inna. Inna, don girman iyayenmu ki ajiye. Me kike yi haka?"

"Kana da ido, ɗan nan."

"Ai mun ce za mu duba!"

"To duba. Ga shi nan."

"Wannan ba naki ba ne ke kaɗai. Na gari ne. Na ƙasa ne baki ɗaya!"

"Na ƙasa? To ƙasa ta zo ta wanke masa jiki da safe. Ƙasa ta zo ta ba shi abinci da cokali." Ta ja zarton. "Matsa, kana tare min haske."

"Idan kowa ya yi yadda yake so, me zai rage? Wa zai zo kallon me?"

"Su zo su kalli injinka. Ka cire ragar su sha kallo."

Wani baƙo ya dafa kafaɗarsa yana nuna masa ya ɗan gusa, yana ɓata hoto. Kuma ya gusa. Wallahi ya gusa, yana murmushi yana ba da haƙuri. Ba zai iya fizge zarto daga hannun tsohuwa a gaban baƙi ba, ba zai iya ɗaga murya ba, don titin da yake karewa bai yarda da ihu ba. Ya juyo gare ni.

"Kanae, ke mai hankali ce. Yi mata magana."

Na ce, "Kai, Baba, abin da wuya. Zan duba."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Kakata ta yi wata irin dariya ba tare da ta ɗago ba.

Aikin ya kai ta har rana ta take. Tafin hannunta ya ɗuri ruwa ya fashe, na naɗe mata da tsumma, ta ci gaba. A titin da rabin mazansa sun koyi riƙe zarto a wurin kakana, babu wanda ya fito. Ina ganin inuwarsu bayan ragar katako. Teruyo ta fito sau ɗaya, ta kwashe tukwanen furenta daga gefen ƙofarmu, ta koma. Da layi na biyu ya ƙare, kakata ta ɗauki guduma ta buga, guntun ya faɗo cikin gida da ƙara. Ta zauna a ƙasa tana haki. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi.

Hukuncin ya zo ba tare da kowa ya furta shi ba. Aka cire ɗan allon katako mai sunan gidanmu da ke jikin ginshiƙin bakin titi don baƙi su karanta. Masu jagora suka fara wucewa da mutanensu da sauri idan sun zo wajenmu, suna nuna musu ɗaya gefen. Gaisuwar safe ta koma ɗan gyaɗa kai. Ciniki ya ragu. Kakata ta ce ko ba komai yanzu tana samun zama.

Ma'aikaciyar asibiti ta dawo, ta tura keke babu kowa a kai ta shiga ta fita, ta ce ya yi.

Mota ba ta shiga tsohon titi da rana, wannan ma doka ce. Don haka a ƙasan gari aka sauke kakana, muka turo shi a kan shimfiɗaɗɗun duwatsu, keken yana girgiza, bargo a gwiwarsa. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Yana ta kallon gidaje, rufi bayan rufi, kamar yana duba aikinsa. Mun wuce ƙofofin mutanen da ya sani tun suna goye. Duka a rufe.

A ƙofarmu ya sa hannun hagu ya riƙe ƙafar keken. Muka tsaya.

Ba mu gaya masa komai ba. Ya daɗe yana kallon giɓin, da farin katakon da ya bayyana a gefe biyu. Ina jin numfashin kakata a bayana. Ya sunkuya da ƙyar har ya kusa faɗowa, ya shafa bakin yankan da yatsunsa, sama zuwa ƙasa.

"Wa?"

"Ni," in ji kakata.

"Kwamiti?"

"Suna dubawa."

Jijiyar wuyansa ta tashi. Na san wannan fuskar, da ita yake korar yaran aiki. Ya sake shafa wurin, ya ɗago ya harare ta da idonsa mai lafiya.

"Karkace."

"Me ka ce?"

"Ya... karkace. Banza."

"To tashi ka gyara, tsoho. Kana can kwance ana ba ka abinci a baki, ni ina nan ina yi maka aikinka, ka zo kana raina min."

"Zartona."

"Na dakusar da shi. Ka kai ni ƙara."

Ta ture ni gefe ta kama keken da hannayenta masu tsumma, ta tura. Ƙafafun suka wuce ta giɓin ba su taɓa ko'ina ba. A ciki ya ɗaga kai ya shaƙi ƙamshin hayaƙin da ya kama rufin gidan, ya lumshe ido. Na zaci zai ce a kai shi ɗaki. Sai ya buga hannun keken.

"Juya."

Ta juya shi. Ya nuna waje. Ta sake tura shi har ƙafafun gaba suka tsaya a tsakiyar yankan, rabinsa a gida, rabinsa a titi, rana tana dukan gwiwarsa. Nan ya ce a bar shi.

Ya zauna a wurin har inuwa ta rufe titi, yana kallon sama da ƙasa. Kakata ta hura garwashi a gefensa tana fifita, tana yi masa faɗa kan ya ƙi sa safa. Baƙi suka yi ta wucewa, wasu suna ɗaukarsa hoto. Daga cikin mutanen Nashibara kuwa, waɗanda ke kwana ƙarƙashin rufin da ya gyara, babu ko ɗaya da ya tsallako titi ya ce masa sannu da dawowa.